Yadda Ake Gano Ƙananan Matsalolin Wuta da na Hannun Giya a Tsohon Jirgin Jan 'Yan Sulu

Tun ranar da 'yan'uwa suka ga jirgin nan nawa ya tashi yana tsaga ruwa, tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya ce ya murɗa makulli shiru kake ji. Wancan ya ce allurorin dashbod ɗinsa rawa suke yi kamar an kaɗa musu kalangu. Wani kuma hannun giyarsa ne ya ƙage, sai ya sa hannu biyu kafin ya motsa. Maimakon in riƙa amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ga shi na tattara a wuri guda.

Jirgin da nake nufi shi ne ƙaramin kwale-kwalen nan mai inji a tsakiya, wanda ake jan masu wasan sulu a kan ruwa da shi a Amurka, irin su Ski Nautique da MasterCraft da Malibu da Supra na shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. Nawa Ski Nautique 2001 ne ƙirar 1987 (2001 ɗin sunan samfuri ne, ba shekara ba), da injin Ford 351 mai silinda 8 da kafireto, da giyar Velvet Drive. Na hannu na saye shi a jihar Jojiya, a Tafkin Lanier nake sa shi.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Mota jikinta ƙarfe ne, duk inda ka ɗaure wayar negatib wuta za ta koma batir ta jikin bodi. Jirgi kuwa faiba ne, ba ya ɗaukar wuta. Kowace fitila da kowace allura sai da wayarta ta dawowa, kuma wayoyin nan sun yi shekara talatin da ɗoriya suna shan laima. Mafi yawan abin da za ka ɗauka lalacewar kaya ce, mahaɗar waya ce ta ci tsatsa. Saboda haka awo ne farko, sayayya daga baya.

1. Haɗa kayan aiki

Mitar awon wuta, wadda ke auna volt da ohm kuma tana ƙara idan waya ta haɗu. Ta dala 20 zuwa 30 ta isa. Fitilar gwaji, wadda ke kamawa idan ta taɓa inda wuta take. Waya mai tsawon mita biyar da 'yan maƙalai a bakinta biyu. Sifanu da soket na inci, domin notunan waɗannan injina ba na milimita ba ne. 7/16 da 1/2 da 9/16 su za ka fi ɗauka. Sukudireba, filaya, filayar matse kan waya, buroshin ƙarfe, samfefa, giris na mahaɗar wuta, da kawunan waya masu robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Duka-duka, idan ba ka da komai, dala 100 za ta haɗa maka su.

Wayarka ta hannu ma kayan aiki ce. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto.

2. Fitar da tururin fetur

Buɗe murfin inji, ka sunkuya ka sa hanci a ramin ƙasan jirgi. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota ƙasa yake zuba iska ta kwashe shi, a jirgi kuwa kwanciya yake yi a ciki kamar ruwa a kwano, yana jiran tartsatsi ɗaya. Idan ka ji warin mai, aikin wuta ya tsaya sai ka gano inda yake yoyo. Idan ba ka ji ba, kunna fankar zuƙe tururi ta yi minti 4 kafin ka taɓa makulli, ko da murfin a buɗe yake.

Gargaɗi: idan jirgin yana kan tirela ne, kada ka tada inji sai ka jona masa tiyon ruwa. Ruwan tafki yake zuƙa ya sanyaya kansa, kuma 'yar farfelar robar da ke cikin famfon ba ta jure gudu a bushe. Kafin minti ɗaya ta ƙone. Sannan kada ka sa giya a tudu, kuma kada ka bar yaro kusa da farfela.

3. Fara daga batir

Kowa yana son ya tsallake wannan matakin saboda ya ga fitila tana kawowa. Fitila ba shaida ba ce. Ɗora mita a kan sandunan batir ɗin kansu, ba kan maƙalan da ke riƙe da su ba, bayan ya huta 'yan awoyi ba caji. Cikakken batir 12.6 yake nunawa. Idan ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa a kwance yake. Yi masa caji kafin ka ci gaba, in ba haka ba duk awon da za ka yi nan gaba ƙarya zai faɗa maka.

Sai ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Lokacin da kik yake juya inji, bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba sosai. Idan ya ruguzo zuwa 7 ko 8, batirin ya gama yayi. Sabo na jirgi yana kamawa daga dala 100 zuwa 150.

Yanzu kwance kawunan, negatib tukuna. Idan ka fara da fozitib sifana ta taɓa ƙarfen inji, za ka ga walda ba shiri. Wanke farin garin nan da ruwan ɗumi da bekin soda, ka goge da buroshi har dalma ta yi ƙyalli. Idan noti mai kunnuwa ne, irin wanda ake ɗaurewa da yatsa, jefar da shi ka sa noti na sosai da washa, ka ɗaure da sifana. Girgizar ruwa kwance shi take yi. Wajen mayarwa, fozitib farko, negatib a ƙarshe.

4. Auna wutar da ke ɓacewa a hanya

Nan ne sirrin aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Babbar wayar batir za ta iya yi maka kyau a ido, robarta sumul, amma cikinta ya ruɓe. Idan ka auna ta da ohm za ta ce lafiya lau, domin silin tagulla ɗaya da ya rage ya ishi mita. Amma kik yana jan amfiya fiye da 100, sili ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Dole ka auna ta tana cikin aiki.

Mayar da mita kan volt. Sa bakinta ɗaya a sandar negatib ta batir, ɗayan a jikin ƙarfen inji inda babu fenti. A murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace tsakanin wuraren biyu. Ƙasa da rabin volt lafiya ne. Sama da haka akwai matsala a wayar ko a ɗaurinta. Sai ka maimaita a ɗaya ɓangaren: daga sandar fozitib zuwa babban notin da ke jikin kik.

A nawa jirgin, ɓangaren negatib 1.9 ya nuna. Mai shi na da ya riga ya canza kik, ya canza batir, ya gaji ya sayar mini a kan cewa injin ne ya yi nauyi. Na bi wayar har inda aka ɗaure ta a bayan inji, na kwance, na yanke kanta, na feɗe robar kamar tsawon yatsa. Tagullar da ya kamata ta yi ja tana sheƙi, baƙa ce ƙirin, tana marmashewa a hannuna kamar busasshiyar kuka. Na ƙara feɗewa gaba, haka. Na ƙara, haka. Laima ta bi ta cikin robar ta cinye ta har kusan rabi. Sabuwar waya ta dala 40 ta tada injin da aka ce ya mutu.

Idan za ka sayi waya, nemi ta jirgin ruwa, wadda aka yi wa silinta rufin kuza, fari-fari take idan ka feɗe. Kauri kuma kada ya gaza na wadda ka cire; idan batir yana da nisa da inji, ƙara kauri ya fi. Goge wurin ɗaurin a jikin inji da samfefa har ƙarfe ya fito, ɗaure, sannan ka shafa giris a kai.

5. Ka murɗa makulli, shiru

Kasa kunne, domin shirun kala uku ne.

Na farko, komai a mace: ba allura, ba ƙara, ba fanka. Duba makashin batir idan akwai. Sannan nemi jan maɓallin nan na birekar wuta da ke jikin inji, yawanci ta baya kusa da giya, mai amfiya 50 ko kusa da haka. Danna shi. A dashbod ma akwai maɓallin wutar makulli a jirage da yawa. Idan duk suna daidai, je wurin babban fulogin roba mai zagaye da ya haɗa wayoyin inji da na jirgi. Kwance maɗaurinsa, zare shi a miƙe, kada ka murɗa. Za ka tarar da ƙusoshinsa sun yi kore. Goge su, ka ɗan buɗa tsagar kowace ƙusa da bakin reza kaɗan don ta kama sosai, shafa giris, mayar.

Na biyu, allurai sun tashi amma kik ko motsi. A nan wanda ake fara tuhuma shi ne makunnin firi, ɗan abin da ke hana inji tashi idan yana cikin giya. A Velvet Drive yana jikin giyar ne, da 'yan notuna biyu, wayarsa rawaya ce mai jan layi. Riƙe makulli a wurin tayarwa, ka ɗan kaɗa hannun giya gaba da baya a cikin firi. Idan kik ya kama, makunnin ba shi da laifi, saitin kebur ɗin giya ne ya goce, sai ka tafi mataki na 9. Idan bai kama ba, cire wayoyin biyu ka auna makunnin da mita: a firi ya yi ƙara, a giya ya yi shiru. Sabo bai wuce dala 30 zuwa 50 ba.

Gargaɗi: za a ba ka shawarar ka haɗe wayoyin biyu ka huta. Don gwaji na minti ɗaya, babu laifi. Amma barinsa haka yana nufin jirgi zai iya tashi a giya alhali mutum yana ruwa a bayansa yana ɗaura katakon sulu, ƙafarsa kusa da farfela. Kada ka yarda.

Na uku, ƙas ɗaya kake ji, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere. Mai yawan nan ƙarancin wuta ne, koma mataki na 3 da na 4. Guda ɗaya mai ƙarfi kuwa solonoid ne, wato makunnin da ke tura wa kik babbar wutar batir, ya buga amma bai wuce da wuta ba. Sa fitilar gwaji a babban notinsa na ɓangaren kik, a murɗa makulli. Idan ba ta kama ba, solonoid ɗin ya ƙone a ciki, dala 25 zuwa 40 ne. Idan ta kama da haske sosai kik bai juya ba, to kik ɗin ne.

Gargaɗi biyu a kan sayen kik. Kada ka sa na mota, ko da ya zauna daram. Na jirgi an toshe shi yadda tartsatsinsa ba zai fito ba, za ka ga an rubuta SAE J1171 a jikinsa. Haka altaneta da distiribita da solonoid. Sannan tsofaffin Ski Nautique irin nawa injinsu baibai yake juyawa, saɓanin na mota, don haka kik ɗinsa daban ne, jerin wayoyin fulogi ma daban. Karanta lambar da ke kan farantin injin ga mai sayarwa kafin ka biya.

6. Kik yana juyawa, inji ya ƙi kamawa

Wata Asabar na tara iyali a bakin tafki, an sauke jirgi, an loda kula da tabarma. Na murɗa, inji yana juyawa garau amma ya ƙi tashi. Na buɗe murfi, na cire hular distiribita, na fara zargin kwayil, gumi yana zuba. Sai ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, ya miƙo mini wata jar igiya mai lanƙwasa ya ce, "Kawu, wannan ba ta nan ba ce? A ƙasan kujera na tsinta."

Igiyar kashe inji ce, wadda direba ke maƙalawa a jikinsa don in ya faɗa ruwa inji ya mutu. A jirage da yawa, idan maƙalinta ba ya wurin, kik zai juya amma wuta ba za ta je kwayil ba. Ita za ka fara dubawa. Makunnin nata ma yana tsufa, robar maƙalin ta saki ta daina danna shi sosai. A Amurka, tun watan Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta ɗaura ta a ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna da makunnin, don haka gyara ake yi, ba cirewa ba.

Idan igiyar tana wurin, buɗe makulli ka auna ƙaramin notin kwayil mai alamar +. Wayar da ke kawo masa wuta shunayya ce. Idan babu komai, bi ta baya: farar tangaran ɗin nan mai rage wuta da ke kusa da kwayil, fulogin roba, makunnin igiya, makulli. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan ne. Injin da yake kamawa muddin kana riƙe da makulli, da ka saki ya mutu, kusan kullum tangaran ɗin ne ya tsinke.

Idan wuta ta iso amma babu tartsatsi a fulogi, cire wayar nan mai ruwan toka daga ɗaya notin kwayil ɗin ka sake gwadawa. Ta allurar juyin inji ce, kuma idan allurar ta haɗe a ciki takan kashe wutar gaba ɗaya. Bayan haka sai kwantak, wato 'yan bakunan ƙarfen nan biyu masu buɗewa da rufewa a cikin distiribita, in injinka mai kwantak ne. Jirgin da ya kwana wata biyar na hunturu a ajiye, bakin kwantak ɗinsa yakan yi dusa-dusa. Zura samfefa mai laushi sau biyu uku, ka bi da farar takarda.

Kada ka bar makulli a buɗe inji a kashe kana jin rediyo. Kwantak da kwayil ne ke dahuwa.

7. Allurai masu rawa

Gwaji mai sauƙi: tada inji, zuba wa allurai ido, sai ka kunna fanka ko fitilu. Idan allurar zafi ta yi tsalle sama, ta volt ta faɗi, ta mai ta karkace, duk a lokaci guda, ba allura ko ɗaya da ta lalace. Negatib ɗin dashbod ne ya yi rauni. A tsofaffin jiragen nan siririyar waya ɗaya ce take tsalle daga bayan wannan allura zuwa waccan kamar carbi, kowace mahaɗa tana cin nata rabon. Tabbatar da doguwar wayarka mai maƙalai: jona daga negatib na batir zuwa notin negatib na allura guda. Idan suka nutsu, ka kama ɓarawo. Maganin dindindin shi ne jan sabuwar waya mai kauri lamba 10 daga jikin inji zuwa ƙarƙashin dashbod, ka ɗaure ta a 'yar sandar tagulla mai notuna, kowace allura ta sami tata daga nan. Na yi wannan aikin a yini ɗaya, ina kwance rigingine ƙafafuna a kan kujera, kuma shi ne gyaran da na fi jin daɗinsa a jirgin.

Idan allura ɗaya ce tak, launin waya zai kai ka. A tsarin jiragen Amurka, ruwan hoda ta tankin fetur ce, shuɗiya mai haske ta ƙarfin baƙin mai, mai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske ta zafin inji, ruwan toka ta juyin inji, shunayya kuma wutar makulli. Sai dai kada ka rantse da launi, domin ba ka san hannu nawa ya shiga wurin kafin naka ba. Cire wayar daga na'urar da ke aiko da saƙon, buɗe makulli, ka taɓa ta da negatib na daƙiƙa ɗaya. Idan allura ta haura ƙarshe, ita da wayarta lafiya suke, na'urar ce ta mutu. Ta tankin fetur ana auna ta da ohm: wajen 240 idan tanki babu komai, 33 idan ya cika. Ta Turai ma'auninta daban ne, idan ka haɗa ta da allurar Amurka baibai za ta riƙa karantawa.

Gargaɗi: wayar tanki a bayan allura za ka yi gwajinta, ba a kan tankin ba. Sannan idan allurar baƙin mai ta faɗi ƙasa ko ta zafi ta haura, kashe inji ka ɗauka gaskiya ta faɗa har sai ka tabbatar ƙarya take.

Allurar juyin inji da ke karanta abin da ba shi ba, duba bayanta akwai ɗan maɓallin zaɓen silinda. Murɗa shi gaba da baya sau da yawa ya goge tsatsarsa, ka mayar kan 8. Allurar gudu kuwa ba ruwanta da lantarki. Matsin ruwa ne ke bi ta siririn tiyo daga ɗan bututun da ke bayan jirgi. Ciyawa ko yashi ne ke toshe bakin. Sa siririyar waya ka sakace a hankali. In za ka hura iska, cire tiyon daga allura ka hura ta waje.

8. Caji, da batir mai mutuwa a ajiye

Inji yana aiki a juyi 1500 a minti, auna kan batir. Ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Wasu altanetocin sai an ɗan taka totur suke fara caji, don haka kada ka yanke hukunci a sulo. Idan ya tsaya a 12 da 'yan kai, duba bel tukuna, sannan notin babbar wayar bayan altaneta. Sama da 15 kuma yana dafa batir ne.

Dabarar nan da muka taso muna gani a garejin gida, ta cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta na caji, ka bar ta a can. Tana ƙona altaneta, kuma tartsatsi ne a wurin da ba a son tartsatsi.

Idan batir yana mutuwa bayan mako guda a ajiye, kashe komai, cire negatib, ka sa mita a kan amfiya tsakanin sandar da wayar. Sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Yawanci rediyo ne da amfilifayar da wani ya jona kai tsaye. Duk wayar da ka gani ta fito daga fozitib babu fiyus a kusa da batir, cikin inci 7, sa mata. Duk haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, yanke ka matse da kan waya na gaske. Famfon kwashe ruwa kaɗai ake bari a kan batir kai tsaye, da nasa fiyus. Ɗaga ɗan tulun da ke kunna shi da yatsa, ka ji ya yi gurnani. Idan yana gurnani ruwa ba ya fita, buɗe gindinsa, za ka tarar da ganye da gashi da guntun leda.

9. Hannun giya da totur

Hannu ɗaya ne ke yin aiki biyu: somin turawa yana sa giya, ci gaba da turawa yana ba da totur. Kebur biyu ne suka fito daga cikinsa. Akwai ɗan maɓalli a gindinsa da ake ja waje don a raba shi da giya a ɗumama inji. Sau da yawa wanda ya ce jirginsa ya ƙi shiga giya, maɓallin nan ne ya maƙale a waje.

Idan hannun ya yi tauri, inji a kashe, je baya ka zare kebur ɗin daga jikin kafireto, ka gwada hannun. Sannan ka zare na giya, ka sake gwadawa. Wanda ka zare hannun ya saki, shi ne mai laifi, ko abin da yake ja. Motsa marfin kafireto da ɗan hannun giyar da yatsunka don ka raba gardama. Idan duka biyun a zare suke har yanzu da tauri, akwatin hannun ne ke son wanki da sabon giris.

Kebur ɗin da robarsa ta tsage ko ta kumbura, tsatsa ta shiga, feshin mai ba zai yi masa komai ba sai na kwana biyu. Canza shi. Irin da aka fi sawa shi ne 33C, tsawonsa a rubuce yake a jikin robar kusa da baki, kuɗinsa dala 40 zuwa 70. Ɗaure bakin sabon da na tsohon, ka ja tsohon ya shigo maka da sabon ta ƙarƙashin daɓe. Kada ka lanƙwasa shi sosai a kwana. Lanƙwasar da ta fi ta bakin babban faranti tsukewa za ta sa shi tauri tun yana sabo.

Saitin giya shi ne inda kuskure ke da tsada. Sa hannun direba a firi. Sa ɗan hannun da ke jikin giya a firi da yatsa, za ka ji ya faɗa gurbinsa ƙyas. Yanzu murɗa kan kebur ɗin gaba ko baya har ƙusarsa ta shiga ramin ba tare da ka ja ko ka tura komai ba. Kebur ake daidaitawa da giya, ba giya da kebur ba. Sa makarin ƙusar sabo, sannan a tura hannu gaba kana kallo: a Velvet Drive ɗan hannun ya tafi har ya rufe harafin F da ke jikin akwatin. Idan ya tsaya a rabin hanya, jirgi zai yi tafiya, ba za ka ji komai ba, amma faifan kulocin ciki suna zamewa suna cinyewa, kuma gyaran giya ya haura dala dubu. Gwada baya ma haka.

Na totur kuma, a saita shi yadda idan hannu ya dawo firi marfin kafireto zai zauna a kan sukurun sulo da ɗan matsi kaɗan. Sulon irin waɗannan injina wajen juyi 600 zuwa 700 ne a cikin giya. Idan ya fi haka, duk sa giya sai ka ji gaf, jirgi ya zabura.

10. Sitiyari mai tauri

Ɗaga murfin da ke can baya, ka zare bakin kebur ɗin sitiyari daga hannun faifan ƙarfen da ke juya jirgi. Juya faifan da hannu, sannan ka juya sitiyari shi kaɗai. Idan faifan ne ke da tauri, notin da ke matse shi don hana ruwa shiga ne aka ɗaure fiye da kima, ko kuma ya taɓa dukan wani abu ya lanƙwashe. Idan sitiyarin ne, goge sandar bakin kebur ɗin da ke shiga da fita, ka cire tsohon giris da ya daskare ka sa sabo. In bai saki ba, kebur ɗin ya tafi, sabo dala 150 zuwa 250 ne, kuma jansa ta ƙarƙashin tanki aikin mutum biyu ne da haƙuri. Sitiyarin da ke da tauri ta gefe ɗaya kawai lokacin gudu, wannan ƙarfin farfela ne ke tura faifan, haka jiragen suke.

11. Gwaji a ruwa

Toshe ramin zubar da ruwa na ƙasan jirgi kafin ka sauka. Kowa yana dariyar wanda ya manta har ranar da ta zo kansa. Sauke jirgin amma ka bar shi ɗaure a kan tirela. Fanka minti 4, tada inji, duba caji, duba allurar baƙin mai da ta zafi. Fizge jar igiyar ka ga inji ya mutu. Sa giya inji a kashe ka murɗa makulli, ka tabbatar kik bai motsa ba. Sake tayarwa, sa gaba, dawo firi, sa baya, kana leƙa sandar farfela ta tsaya cik duk lokacin da ka dawo firi. Sannan ka kwance, ka yi zagaye biyu kusa da gaɓa, ka dawo ka ɗora tafin hannu a kan kawunan batir da notunan solonoid. Duk wanda ka ji da ɗumi, ɗaurinsa bai yi ba, kwance shi ka sake gogewa.